Rufin Gidan Nayif

Rufin da Abu Nayif ya zuba wa ɗansa bai ga bazara ba. A ƙauyenmu na kan dutsen Ajlun babu wanda bai san dalili ba: an zuba kankare a tsakiyar hunturu, sanyi ya cinye shi tun bai kama ba.

Abin ya faro ne daga bakin Hajji Miflih, uban Tahani, yarinyar da Nayif ke so. Ranar neman aure ya ce, "'Yata ba ta tarewa ɗakin uwar miji. Ku rufa mata nata kafin shekara ta fita. In ba haka ba, ɗan yayana yana nan yana jira."

Abu Nayif ya dafa gashin bakinsa a gaban maza, ya ce an gama. Mu kuwa in namiji ya dafa gashin baki, ya ɗaure kansa ke nan.

Ya shirya abinsa tsaf a ka: harsashi kafin tsinkar zaitun, bulo ana cikin tsinka, rufi kafin ruwan farko, wanda a wajenmu da hunturu yake sauka. Sai ruwan ya riga shi. Ramin harsashi ya cika har yara na jefa duwatsu su ji ƙara. Da ya tsane, leburori suka watse, kowa ya tafi kakkaɓar zaitun ɗinsa. Da suka dawo, motar yashi ta kafe a hawan makabarta, sai da tarakta. Kullum da safe za ka gan shi a bakin gini, hannu a baya, yana hararar yamma kamar gajimare zai ji kunyarsa.

Matarsa ta ce, "Ka je ka roƙi Hajji ya ƙara maka lokaci mana. Ai shi ma ruwan a kansa yake sauka."

"In je in ce masa me? Ruwa ya fi ni?"

"To da bai fi ka ba?"

Bai je ba.

Ana nan sai gari ya washe, sama ta yi tas. Nan da nan ya yanka raguna uku, ya aika gida gida cewa gobe ranar rufi ce. Ranar rufi kuwa ba ta mutum ɗaya ba ce, maza su miƙa bokiti hannu da hannu, mata su dafa mansaf, shinkafa da naman rago, a ci a kan ginin.

Tu'uma magini, wanda suka yi kiwon awaki tare suna yara, ya ja shi gefe. "Abu Nayif, wannan sararin ba na alheri ba ne. In sama ta yi haske haka a hunturu, gobe ruwan randa ma daskarewa zai yi. Ka bari."

"Naman kuma fa? In mayar wa ragunan da ransu?"

"A ci nama, a bar siminti. Ni dai cikina ba ya ƙi."

"Kai dai tun muna yara matsoraci ne. Akuya ta yi atishawa ka hau bishiya."

"Shi ya sa har yau haƙorana suke cike, naka kuwa a ƙirga."

Aka yi dariya, aka zuba rufin. Mata suka yi guɗa. Washegari saman kankaren ya yi fari fat, ya yi tauri kamar dutse. Abu Nayif ya buga ƙafa a kai, ya dubi Tu'uma. "Ka ji?"

"Taurin ƙanƙara ke nan, ba na siminti ba. Kada wanda ya taɓa min sandunan da ke tokare da shi sai gari ya yi ɗumi."

Da ya tsaya nan, da wataƙila asarar siminti kawai za a yi. Amma Hajji Miflih ya aiko cewa zai zo ranar Juma'a ya ga ɗakin 'yarsa. Abu Nayif ya leƙa ciki, ya ga sanduna birjik kamar garken tumaki. Wannan zai nuna wa suruki?

Nayif ya ce, "Baba, Kawu Tu'uma fa ya ce a bari."

"Tu'uma ne ya haife ka? Auren nawa ne ko naka? Ɗauko guduma."

Yaron ya ɗauko. Uban yana waje yana karɓar sandunan ta taga lokacin da rufin ya yi wata ƙara kamar an karya busasshen burodi.

Da hannu muka tono Nayif daga ƙarƙashin kankaren. Rai ya yi saura, amma ƙafar dama daga gwiwa a asibitin Irbid aka bar ta.

Hajji Miflih ya zo dubiya, ya zauna kusa da Abu Nayif. Can ya ce, "Haba Abu Nayif. Wane ɗan yaya? Yaron nan tun bara ya yi aure a Zarƙa. Na faɗa ne don ku motsa. Da ka zo mun sha shayi, ai da har bazara na jira."

Tahani ta auri Nayif duk da haka, ta tare a ɗakin uwar mijin. Kangon yana nan, rodi a miƙe, kaji na kwana a ciki. Abu Nayif ya aske gashin bakinsa bai sake bari ya fito ba. Nayif kuwa, da a da shi ke hawa kan zaitun mafi tsawo, yanzu in lokacin tsinka ya yi, sai ya jingine sandarsa, ya zauna a ƙasa cikin mata yana tsince ganye.