Ƙyallen Ɗuri

Tun farkon damina Baba yake harbi yana kuskure, kuma a bakinsa laifin na kowa ne ban da idonsa. Ya zargi albarushi, ya zargi iska, har maƙerin da ke zuba masa darma sai da ya samu rabonsa. Birai kuwa sun gane lambun ba mai tsaro, suna cin gwaiba hankali kwance kamar gadon ubansu.

Auta, 'yarsa tela, ta riga ta faɗa masa magana ɗaya: in dai ido ne, ya ajiye bindiga ya koma birni wurinta. Tsoho shi kaɗai da bindigar toka, ga ido ba tabbas, abin ya hana ta sukuni. Shi kuma ya ce lambun da ya dasa da hannunsa, sai dai a fitar da gawarsa.

Ranar da ta zo ta same shi a rumfa yana ɗuri. Ya zuba albarushi, ya shimfiɗa ɗan ƙyalle a bakin bindigar, ya ɗora dunƙulen darma a kai, ya tura da sandar ɗuri. Sandar ta sulale cikin bindigar ba gardama. Auta ta ƙura wa sauran ƙyallen ido, shuɗi mai sheƙi, ta gane shi sarai. Tun rasuwar Inna ita ke aiko masa da guntayen yadi daga shagonta.

"Baba, da wannan kake ɗuri?"

"Da me zan yi? Ba ke kika aiko ba?"

Ta taka gaban rumfar inda ƙyallayen da aka harba suke faɗuwa, ta tsinci ɗaya. Ya narke ya ƙudundune kamar ledar da ta ji wuta. Kunya ta kama ta. Ita ta ɗauka tsumman goge bindiga yake so, shi ya sa take tattaro masa duk abin da ya faɗo ƙarƙashin keken ɗinki.

"Wannan ai shafi ne, Baba, roba ce zalla. Inna da me take yanka maka?"

Shekara da shekaru yana miƙa hannu cikin gwangwani ya ɗauko, bai taɓa tambaya ba. Auta ce ta tuna: tsohuwar rigar matashin kai ta auduga mai kauri, Inna ta wanke ta yi laushi, ta yanka zagaye-zagaye, ta shafa musu kitse.

Nan take fuskar Baba ta washe. "Kin ji! Ƙyallen nan shi ke riƙe darma tsam, ya toshe wuta kada ta zille ta gefe. In ya ƙone, kowane harsashi da tasa hanyar. Ku kuma kuna ta ido, ido!"

Auta ta shiga ɗaki ta zare rigar wani matashin kai, ta sa almakashi. Don kada a yi musu, suka ɗaure bindigar a kan benci da igiya, suka jingina allo a gindin katanga. Da shafi, harbin ya watse, wani sama wani gefe. Da auduga kuwa sai da Baba ya danna sandar da ƙarfi kafin ta sauka, kuma ramukan suka taru wuri ɗaya, tafin hannu ya rufe su.

"To, likitar ido, me kika ce?" in ji shi, yana dariya har da tari.

Ta yi murna, murna ta gaske, domin ba ta son ta zama wadda ta raba shi da lambunsa. Amma igiya ce ta riƙe bindigar, ba shi ba, kuma su biyun sun san haka.

Ya kwance igiyar da kansa. Ya yi ɗuri a tsanake, ya sa bindigar a kafaɗa, ya daɗe yana saiti. Bakin bindigar bai yi rawa ba, hannun Baba yana nan da ƙarfinsa. Ya harba. Ƙasa ta tashi daga katanga, nesa da allon.

Hayaƙi ya washe. Auta ta buɗe baki, ƙarya na kan harshenta, za ta ce iska ce.

"Bari, Auta," ya ce a hankali. "Ai ban ga allon ba. Inda na tuna mun jingina shi na harba."

Ya zauna a kan bencin, ya goge bindigar da sauran audugar, tun daga baki har gindi. Ita dai tana tsaye da almakashi a hannu.

"Ɗakin nan naki na birni," ya ce, bai ɗago ba, "mai gidan zai yarda a kafa ƙusa a bango, a rataye bindiga?"