Wayar da Na Binne Cikin Gero

Hajiya Aziza ta Damba a Gusau, ke kika ɓata wa ɗiyata suna, kuma kin san ƙarya kika yi.

Ni ce Luba, uwar Fiddausi da ta shekara uku tana miki tallar atamfa a waya. Ban yi boko ba, amma na san jego. Da ta haihu na ɗauko ta daga gidan mijinta a Tsafe, na kawo ta Furfuri wankan arba'in. Ke da bakinki kika ce ta je ta huta, sannan kika cusa mata wayar shago cikin kayan jariri.

Ina hutun? In tafasa ruwa da ganyen darbejiya, waya ta yi ƙara, ruwa ya huce. Jariri na tsotso, ita tana latse-latse da hannu ɗaya, wai wata a Kaduna na son ganin leshi. Rana ta goma jiri ya kwashe ta a bakin murhu. Tana ƙasa muryarki na fitowa daga wayar: "Fiddausi, kin ga saƙo kin yi shiru. A kanki aka fara haihuwa?"

Na ɗauke wayar na hau rumbu, na tura ta cikin gero har gwiwar hannu. Fiddausi ta ce, "Inna, za ta kore ni." Na ce ta daɗe ba ta kora ba. Kwana uku ɗiyata ta samu barci, nono ya kawo.

A na huɗu sai ga mijinta Isma'ila bisa babur, ko gaisuwa babu, ya miƙo tasa wayar. Hoton Fiddausi ne na ranar suna, da lallenta, wanda ke kika ɗauka kina dariya. Ya karanta mini abin da kika rubuta a ƙasa: ɓarauniya, ta gudu da wayar shago, a yi hattara.

Duk Tsafe an gani. Uwar mijin ta aiko kada Fiddausi ta koma sai an wanke ta daga zargin. Fiddausi ta bar cin abinci, nonon ya sake ɗaukewa.

Na tono wayarki na kai miki har Gusau. Mai gadi ya karɓa ta kafar ƙofa, ya ce ba za ki fito ba, kina kan waya.

Ni na ɓoye ta. Ni za ki kira ɓarauniya in kin isa. Na kai ki ƙara, ranar Litinin ina gaban alƙali a Bunguɗu. Ki zo da ƙafarki, ki dubi idona, ki faɗi abin da ɗiyata ta sata.