Rijiyar Bawa a Taswira

Bara'atu ta dawo garin Isa hutu daga Sakkwato, inda take karatun kwamfuta. Malaminsu ya ba su aiki: kowa ya rubuta ɗan shirin kwamfuta da zai tambayi taswirar nan ta intanet, wadda kowa ke iya ƙara mata bayani kyauta, wani abu game da yankinsu. Ita ta zaɓi rijiyoyi.

Da hantsi ta zauna a zaure, inda sabis ya fi kamawa. Mahaifinta, Malam Sodangi, ɗan kasuwar hatsi, yana gefe yana ɗinke bakin buhun gero.

Aikin ba shi da wuya. Akwai wata ƙaramar manhaja da wasu suka riga suka rubuta, ita ce ke kai tambaya ta dawo da amsa. Bara'atu ta kira ta cikin shirinta, ta shata iyaka daga Turba zuwa Burkusuma, ta ce a kawo mata duk rijiya da burtsatse da ke ciki. Karon farko ba ta samu komai ba, ashe ta juya lambobin gabas da na arewa. Da ta gyara, sai amsa ta zubo. Yawancinsu lambobi ne kawai, ba suna. Ɗaya ce ta sa ta tsaya.

"Baba, an rubuta Rijiyar Bawa a nan, kusa da Burkusuma."

Sodangi ya ajiye basilla. Bawa mahaifinsa ne, shi ya gina rijiyar a bakin gonarsu saboda matafiya. Tun da hanya ta lalace saboda rashin tsaro suka taso Isa, Sodangi bai sake ganinta ba.

"Wa as sa ta ciki?" ya tambaya.

Ta duba. Wata mata ce mai suna Ni'imatullahi, ba wani bayani bayan wannan. Taswirar tana da wurin aika saƙo, don haka Bara'atu ta rubuta mata cewa ita jikar Bawa ce.

Amsa ba ta zo ba sai ana gab da ƙarewar hutu, rabi Hausa rabi Faransanci. Matar a Nijar take, tana aikin jinyar dabbobi. Ta ce tun tana ƙarama suke shayar da shanu a wurin in sun tsallako da rani, kuma tsohon bai taɓa hana kowa guga ba. Ta ce ko a bara ta bi ta can. Ruwa na nan, sai dai bakin rijiyar ya zube ta gefe guda, ƙaya ta rufe hanya.

Bara'atu ta karanta masa sau biyu. Ya matso yana kallon ɗigon rijiyar da ke kan allon.

"Da ruwa, tac ce?"

"Da ruwa, Baba."

"To, alhamdu lillahi. Za ni aika ma Ɗanmusa, maƙwabcin gonarmu, tunda shi yana can bai taso ba. In an samu mai babur, a kai mishi siminti shi gyara bakin." Ya ɗauki basillarsa. "Ki ce mata na gode. Ki tambaye ta sunan mahaifinta, wataƙila na san shi."

Bara'atu ta jawo kwamfutar ta fara rubutawa.