Katin da Malam Uthman Ya Cire

"Saura kiris, Malam," in ji Tukur mai gyaran rediyo, hannunsa na cikin kwamfutar.

Malam Uthman, maƙwabcinsa a Kademi, yana kwance a zaure, fuskarsa na kallon bango. Kwana tara ke nan bai iya zama ba. Kwamfutar ta ɗansa Mu'az ce, wanda zazzaɓi ya ɗauke shekara ashirin da suka wuce. Akwai wani wasa a cikinta, wani ɗan mutum yana tsallake ramuka. Hoto yana fitowa, sauti babu.

Tun da safe Tukur ya faɗa masa gaskiya. "Mai irin wannan jinya karatu ya kamata ya saurara, ba kiɗan wasa ba."

"Ni na cire katin sautin da hannuna, Tukur, don yana hana shi hadda. Na ce sai ya sauke zan mayar. Bai kai ba." Ya miƙo katin a naɗe cikin tsohuwar hula. "Mayar masa."

Tukur ya goge haƙoran katin, ya danna shi a raminsa. Ya gwada lambobin saita katin sau biyu, wasan ya sandare. Sai ya ga rubutun biro a cikin murfin kwamfutar, hannun yaro: 220, 5, 1. Ya shigar da su. Ɗan mutumin ya soma gudu.

"Yauwa," in ji Malam a hankali. "Ga shi nan. Rage kaɗan, Mu'az, an kusa kiran la'asar."

Tukur ya dubi hannunsa. Wayar sifikar tana tsakanin yatsunsa, bai jona ba tukuna. Ba a jin komai a zauren sai fankar kwamfutar. Amma yatsan Malam yana bugun tabarma, uku a jere, ɗaya a ware, uku a jere. Can ya tsaya.

Tukur ya kira sunansa sau biyu. Ya shafe masa ido, ya leƙa cikin gida ya ce wa matar Malam, "Baba Rabi, sai haƙuri."

Bayan kwana uku ta aiko masa da kwamfutar zuwa shagonsa, ta ce ba ta son ganinta. Da hantsi ya rufe ƙofa, ya jona wayar. Kiɗan ya fito siriri, uku a jere, ɗaya a ware.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya kai hannu ya rage kaɗan.