Takalmin Hagun Cyril

"Cire shi mana," in ji mijina Wilfred. "Ko sai an roƙe ka?"

Cyril bai motsa ba. Ya riga ya kwance takalminsa na dama ya ɗora a kan jaridar da na shimfiɗa a tebur, amma na hagu yana ƙafarsa, a ɗaure tam har wuya.

"Bayana ne ya riƙe," ya ce. "Sunkuyo ɗaya ya ishe ni yau. Duba shi a inda yake."

"A ƙafa ake duba takalmi? Yaushe aka fara wannan?"

Ni ina tsaye ina jiran ruwan shayi ya tafasa, sai wani wari ya bugi hancina. Na leƙa kwandon shara, na shinshina ragowar naman rana, ba daga nan ba ne. Wari ne mai ɗan zaƙi-zaƙi, irin na ruwan da fure ya ruɓe a ciki. Daga ƙarƙashin tebur yake fitowa.

Bari in faɗa muku haukan da ke tsakanin tsofaffin nan biyu. Cyril maƙwabcinmu ne a garin Rushden, bango ɗaya ya raba mu shekara talatin da huɗu. Mayankin fata ne a kamfanin takalmi na saman layinmu. Wilfred kuwa mai sa tafin takalmi ne a kamfanin ƙasan layi, inda ni ma na yi ɗinki har wuyana ya ƙage. Tun suna samari suke musun na wa ya fi ƙarko. Da aka rufe kamfanonin biyu a shekara guda, kowannensu ya fito da takalmi na ƙarshe, mai dogon wuya, ruwan ƙasa. Ƙafarsu ɗaya, lamba tara. Sai suka yi musayar na dama: kowa na kamfaninsa a hagu, na abokin musunsa a dama, kuma kullum da safe hanya ɗaya suke takawa ta bakin kogi don kada wani ya ce an cuce shi. Tafi in ya cinye a canza, Wilfred ke yi musu a ɗan ɗakin aikinsa na bayan gida. Amma wanda fatarsa ta tsage, ko ɗinkinsa ya saki, ko ya sha ruwa, shi ya faɗi. Duk Lahadi bayan abinci a teburina ake zaman shari'ar. Shekara goma sha ɗaya ina goge musu taɓo.

Ran nan Cyril ya yi ta jan magana don a manta da ƙafarsa. Ya ɗauki na daman, wato na kamfaninmu, ya lanƙwasa shi a gaban taga.

"Dubi yadda ya tattare a nan. Fatar ciki ce wannan, Wilfred. Mu daga gadon bayan maraƙi muke yanka, ku kuwa duk inda wuƙa ta faɗa."

"Tattarewa ba tsagewa ba ce. Ƙirga ɗinkin gefen, makaho. Namu goma a inci, naku takwas, shi ma sai ranar da kuka tashi da ƙarfi."

"Yawan huji ai raunana fata yake yi. Ko Noreen ta sani, tana dai tsoron faɗa ne."

"Kada ku sa ni a shirmenku," na ce. "Cyril, me ya sami ƙafarka?"

Ya dube ni, ya kau da kai. "Ƙafata ƙalau. Shayin nan sai gobe ne?"

Bai ma shanye ba ya tashi. Na bi shi da kallo har ƙofa. Ba ɗingishi yake yi ba, da ɗingishi ne da hankalina ya ɗan kwanta. Jefa ƙafar yake yi kamar ba tasa ba. Mutumin nan shekara bakwai yana da ciwon suga, kuma tun da matarsa Edna ta rasu babu mai ganin ƙafarsa sai shi. 

Washegari na kai masa miya. Na tarar da ɗan kasko a kan murhu, a ciki baƙin kakin nan da muke shafa wa zaren ɗinki, ya narke ya sake daskarewa. A gefe ga kwano da tsumma a ciki, ruwan ya yi kalar da ba zan faɗa ba.

"Me kake yi da kaki?"

"Ɗan ciwo ne a dunduniya. Na toshe shi ran Alhamis. Haka ubana yake yi, haka naki ma, kada ki yi mini kallon baƙuwa."

Gaskiya ne, duk wanda ya tashi a layinmu an taɓa ɗiga masa kaki a yanka. Amma a yatsa, a jikin mai lafiya.

"Tun Alhamis ba ka cire takalmin ba?"

"Ya ɗan matse ne. Zai saki. Kuma ko kaɗan ba ya mini zafi, Noreen."

"Ai shi ne abin tsoron, kai tsohon banza! Tashi mu je wurin likita."

"In je su ba ni takalmin tsumman nan mai mannewa? Ni? A bi da ni ta babban titi a haka, gara a fita da ni a akwati."

"Kul! Kada ka ƙara faɗa."

Ya yi dariya, amma goshinsa duk gumi ne, gidan kuma da sanyi.

Na fito ina tafasa. A raina na riga na yanke abin da ya faru: takalmin kamfaninsa ne ya fashe daga ciki ya ji masa ciwo, kuma ya san in ya cire, Wilfred zai zura hannu ya gano. Saboda kamfanin da yanzu ya zama wurin ajiye katifu, mutum zai bar ƙafarsa ta ruɓe. Na sami Wilfred a ɗakin aikinsa, ya kawo wani takalmi dab da hancinsa don idon ya fara gazawa, ko da yake ba a isa a faɗa ba.

"Ka je ka ce masa ya ci," na ce. "Ka ce naka ya sha ruwa. In musun ya ƙare zai cire."

"Bai sha ba."

"Na sani bai sha ba! Ƙarya nake so ka yi, sau ɗaya a rayuwarka."

"In yi wa aikin mutum ɗari biyu ƙarya? Har da ɗinkinki a ciki fa. Ƙyale shi, ƙaba ce kawai, ranar Lahadi zai cire."

Na rantse da a ce gudumarsa tana kusa da ni da na buga masa.

Ranar Talata na kira asibitin unguwa. Suka turo ma'aikaciyar jinya, Cyril ya yi mata magana ta ramin jefa wasiƙa na jikin ƙofa ya ce lafiyarsa lau, ta gaishe da gida. Ta ce mini ba ta da ikon fasa ƙofar mutum mai hankalinsa. Na ce wa ya gaya mata yana da shi.

Ranar Laraba, Wilfred na barcin rana, na ɗauki takalminsa na hagu, na kamfaninmu, na sa ƙaramar wuƙata na tsinke ɗinki shida a gefen babban yatsa. Wa ya sani ko ni na ɗinka shi. Na goga ƙasa a wurin, na tsoma shi a bokiti, na kai wa Cyril yana ɗiga.

"Ga shi. Ya saki, ya sha ruwa. Ka ci, sai ka huta. Kawo ƙafar."

Yana zaune a kujerarsa da bargo. Ya karɓa, ya juya shi wajen haske, ya bi wurin da babban yatsansa sau ɗaya kawai.

"Zaren da ya gaji gashi yake yi kafin ya tsinke," ya ce a hankali. "Wannan wuƙa ce. Shekara arba'in ina yanka, ni za ki kawo wa aikin wuƙa?"

"Cyril, don girman Allah."

"Mayar ki ɗinke kafin ya tashi. Kin ɓata takalmi mai kyau." Ya miƙo mini, sai ya ƙara da cewa, "Mai kyau ne fa. Kada ki gaya masa na ce."

Na fashe da kuka a gabansa, abin da ban yi ba ko ranar jana'izar Edna. Ya ce in ja masa ƙofa in zan fita.

Ranar Alhamis bai fita yawon ba, ya leƙo ta taga ya ce wa Wilfred mura ce. Ranar Juma'a ko tagar ba a buɗe ba. Ƙarfe takwas Wilfred na tsaye a bakin ƙofar Cyril, kwalaben madara biyu da aka kawo masa suna kan dakali ba a ɗauka ba, labule a rufe. Na ɗauko makullin da Edna ta bar mini.

Warin ne ya tare mu tun daga zaure. Yana nan a kujerar, yana karkarwa har haƙoransa na haɗuwa. Na ɗaga ƙafar wandonsa. Naman ya kumbura ya hau kan wuyan takalmin, ya yi baƙi-baƙi, wani jan layi ya miƙe har gwiwa. Ya kira ni Edna, ya tambaye ni ko na kashe murhu.

Da motar asibiti ta zo, matasa biyu ne, mace da namiji. Namijin ya fito da wani ƙaton almakashi ya ce sai an yanka takalmin. Nan take hankalin Cyril ya dawo.

"Kada ka taɓa fatar. Noreen ta farke shi ta ɗinkin baya." Ya nemi Wilfred da ido. "Kai kuma fita. Ba na son ɗan ƙasan layi ya tsaya mini a ka."

"Yanzu ma? Haba, Cyril."

"Fita, na ce."

Wilfred ya fita yana share ido. Na durƙusa na bi ɗinkin baya ɗaya bayan ɗaya, ina ja da numfashi ta baki. Takalmin ya buɗe, yarinyar ta zare ƙafar, abokin aikinta ya ce wani abu ƙasa-ƙasa. Ban kalli ƙafar sau biyu ba. Cikin takalmin na kalla, don in ga fashewar da ta jawo mana wannan.

Babu fashewa. Fatar ciki lafiya lau, ɗinki bai saki ko ɗaya ba. Ƙusa ce a dunduniya, ta huda ta fito, an buga mata guduma an kwantar da ita amma bakinta ya sake tasowa. Ta tagulla ce, doguwa. Kamfanin saman layi bai taɓa aiki da ƙusar tagulla ba, kowa ya sani. Ni nake share irinta daga ƙasan ɗakin aikin Wilfred. Wata biyu da suka wuce ya canza wa takalman dunduniya, ya lalubi gwangwanin da ba shi ba, bai kuma zura hannu ya ji ba. Mutumin da yake alfahari bai taɓa barin ƙusa a takalmin kowa ba.

Na ɗago, Cyril yana kallona.

"Kai shi inda Wilfred ba zai gani ba," ya ce. "Ɗakin aikin nan nasa kaɗai ya rage masa."

Na cusa takalmin a ƙarƙashin bargon kafin su buɗe ƙofa.

Ranar Asabar suka yanke ƙafar daga saman gwiwa. Likita ya ce da an zo mako guda da ya wuce da wata maganar ake yi, yanzu dafin ya shiga jini. Ranar Litinin da hantsi ya cika, muna zaune a gefensa, bai ƙara gane kowa ba. Na yi fushi da shi, har yau ina yi. Da ya faɗa mini tun farko, da na zare ƙusar da kaina ba wanda ya ji. Amma shi a ganinsa ɗan ciwo ne da kaki zai rufe, kuma ni matar Wilfred ce.

Bayan an binne shi, muna dawowa gida, Wilfred ya ce, "Ina na hagun nasa? Ina so in gani."

"Asibiti sun ƙone shi da sauran tsummokaran."

"Ke kin ga cikinsa. Ya fashe ne?"

"Bai fashe ba."

"Ɗinkin fa?"

"Yana nan daram."

Sai da muka wuce gida uku ya ce, "To me ya ji masa ciwo?"

"Tsakuwa ce ta shiga," na ce. "Bai ji ta ba."

Ya gyaɗa kai. "Ashe dai sun iya takalmi, 'yan banza."

Har yanzu mutanen layi suna kawo masa gyara, ba ya iya cewa a'a. Jiya matar gidan kusurwa ta kawo na 'yarta na makaranta, baƙi, ƙarami. Ya wuni yana ƙwanƙwasa, ya jera su a kan benci, ya shigo ya kishingiɗa. Da na ji numfashinsa ya daidaita, na fita ta ƙofar baya. Na zauna a kan kujerarsa, na zura hannu cikin na farko, ina bin dunduniyar da yatsa a hankali.