Ƙusoshi Takwas a Bayan Argiris

Ran Litinin Timiyos, mai haƙan kaburburan ƙauyenmu, ya tare ni a ƙofar shagon gahawa ya ce ranar Asabar za a tono ɗana.

"Shekara uku ta cika tun watan jiya, Lambros," in ji shi. "Na ja ƙafa saboda kai. Amma ga tsohon Manusos can ya fara hira da matattu, likita ya ce ba zai ga Kirsimeti ba. Ina kake so in sa shi, a aljihuna?"

Ban yi masa musu ba. Maƙabartarmu a kan dutse take bayan coci, kabari arba'in da ɗaya ne, babu wurin ƙari. Duk wanda ya cika shekara uku sai a ɗaga shi, mata su wanke ƙasusuwan da giyar inabi, a zuba a akwatin ƙarfe a kai ɗakin ƙasusuwa. Haka aka yi wa ubana, haka za a yi mini. Abin da ya hana ni sukuni daban ne.

Argiris shi kaɗai muka haifa ni da matata Fotini. Yana da shekara ashirin da huɗu ya faɗo daga saman wani gini da yake aiki a garin Kalamata, ƙashin bayansa ya karye. A Atina, babban birninmu, aka yi masa aiki. Likitan ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna mini sandunan ƙarfe biyu sirara kamar fensir, da ƙusoshi masu zare guda takwas, huɗu ta dama huɗu ta hagu, kowace ta nutse cikin ƙashi har wuya.

"Ƙarfen nan ba zai karye ba, zai fi ni da kai daɗewa," ya ce mini. "Ƙashin ne abin tsoro. Kamar ɗanyen katako yake, sai ya shekara kafin ya riƙe ƙusa da kyau. In yaron ya ɗaga abin da ya fi tulun ruwa nauyi, ƙusa na iya tasowa ta ji masa ciwo daga ciki. Ka gane?"

Na ce na gane. Aji shida na yi a makaranta, amma ƙusa da katako na san su.

Wata bakwai bayan aikin lokacin girbin zaitun ya zo. Ma'aikatan da na yi magana da su ba su zo ba, ga hadari ya haɗu ta wajen teku, ga buhu talatin a zube ƙarƙashin itatuwa. Fotini ta koma gida ɗauko mana abinci. Argiris yana zaune a kan katangar gona yana tsince ganye daga cikin zaitun, aikin da muka yarje masa ke nan. Na ce, "Argiris, zo kama mini gefe ɗaya mu ɗora a tarakta."

Ya yi dariya ya ce, "Baba, rabina fa ƙarfe ne yanzu. Na fi taraktarka ƙarfi."

Bai kama gefe ba, ya sungumi buhun shi kaɗai. Ina kallo ban hana shi ba. Tara ya ɗora. A na tara ya tsaya ya dafa ƙugu, na tambaye shi, ya ce ba komai.

Bayan kwana uku zazzaɓi ya rufe shi. A asibitin gundumarmu likita ta tambaye ni, Fotini tana tsaye a gefena, "Ya faɗi ne? Ko ya ɗaga wani abu mai nauyi?" Na ce a'a. Argiris ya dube ni daga kan gado bai ƙaryata ni ba. Sai suka ɗauka ciwon ƙirji ne, suka bi ta nan da maganinsu. Bayan kwana biyar ya rasu. A takarda an rubuta cewa guba ce ta shiga jininsa, ba a faɗi ta inda ta shiga ba.

Tun daga ranar ban faɗa wa kowa zancen buhunan ba. Abin da nake jira shi ne in ga ƙashin bayan nan da idona. In ƙusoshi takwas suna nutse har wuya, cutar ta wata hanya ta zo. In ɗaya ta taso, ni ne.

Shi ya sa na riƙo hannun rigar Timiyos na ce, "In ka kai kan ƙashin baya, kira ni kafin ka miƙa wa mata."

"Ƙarfen kake so? Me za ka gyara da shi, ƙofar garejinka?" Ya tura hularsa baya. "Rabin ƙauyen nan ƙarfe ne, mutumina. Bara na ciro ƙugun matar mai gidan burodi yana ƙyalli kamar sabon cokali. Tana da rai ba ta taɓa ƙyalli haka ba."

"Ka dai kira ni."

Ya dube ni da kyau, dariyar ta ɗauke. Tare muka yi makaranta, ya san fuskata. Ya ce to.

Asabar da safe muka hallara. Fada Anestis, limamin cocinmu, ya zo da turarensa, Fotini da baƙaƙen kayanta da farin ƙyalle a hannu, sai Gwaggo Stamata, yayar mahaifinta, wadda ba a tono kowa a ƙauyen ba da ita. An ajiye faranti na dafaffiyar alkama da rumman a kan katanga, da jarkar giya. Timiyos ya riga ya ɗage dutsen marmarar da ke rufe kabarin ya haƙa har ƙugunsa. Da ya kai kan ruɓaɓɓen katako sai ya ajiye shebur ya koma da hannu.

Ƙoƙon kai ya fara fitarwa. Fotini ta karɓa cikin ƙyalle ta sumbace shi, ta miƙo mini na sumbata. Ba nauyi ko kaɗan. Gwaggo Stamata ta leƙa ta ce, "Kalar zuma. Ƙasa ta karɓe shi da kyau, yaron nan bai tafi da zunubi ba."

Hannuwa suka fito, haƙarƙari suka fito ɗaya bayan ɗaya. Sai na ga Timiyos ya tsaya ya sa hannu biyu. Ƙashin bayan sauran mutane a warwatse yake fitowa, gaɓa-gaɓa, sai an tsinto. Na Argiris a haɗe ya taso, dunƙule da taɓo. Timiyos ya ɗago kai yana nemana.

Kafin in taka, Fotini ta riga ta durƙusa a bakin ramin ta shimfiɗa ƙyalle.

"Miƙo nan, Timiyos."

"Uwar Argiris, Lambros ya ce…"

"Tun yaushe maza ke karɓar ƙashi a garin nan?" in ji Gwaggo Stamata. "Kai Lambros, riƙe wa Fada kyandir. In wanki kake sha'awa, akwai tukwane a gidana."

Fada ya danƙa mini kyandir ya ci gaba da karatu. Timiyos ya miƙa. Abin da na gani kawai taɓo ne da ɗan ƙyalli a gefe guda, sai ƙyalle ya rufe.

Mata suka shiga ɗakin wanki da ke jikin coci suka turo ƙofa. Maza a waje muke jira, haka aka saba. Fada ya koma ciki ajiye kayansa. Timiyos ya fito daga rami ya zauna a kan tulin ƙasa ya kunna taba.

"Ka yi haƙuri. Da na hana ta, da tsohuwar nan ta binne ni a ramin."

"Ka duba?"

"Me zan duba?"

"Ƙusoshin. Akwai wadda ta taso, ta fi sauran fitowa?"

Ya busa hayaƙi. "Taɓo na gani, Lambros, da saiwar ciyawa. Ga safa a hannuna mai kaurin fatar jaki. Ko yatsa aka sa mini ba zan ji ba." Ya juyo gare ni. "Me ka yi?"

Na juya wajen ɗakin wanki. Ina jin ƙarar giya ana tsiyayawa a kwano daga cikin ɗakin. Na ce a raina za su wanke taɓon ne kawai, in sun gama zan gani kafin a rufe akwati. Na zaga kabarin ubana na dawo. Na sake zagawa. Wankin da ba ya wuce rabin awa ya kai awa guda. Na tashi na tura ƙofar.

"Kai, ba ka da kunya?" Gwaggo Stamata ta tare ni da ɗanyen hannu.

"Bar shi, Gwaggo," in ji Fotini ba tare da ta juyo ba. "Je ki raba wa mutane alkama kafin tsuntsaye su riga ki."

Tsohuwar ta fita tana mita. Ɗakin ya cika da warin giya da ƙasa. A kan teburin dutse an jera Argiris tsaf a kan farin zane. Gaɓoɓin bayansa suna nan a layi, kowace daban, a wanke. A cikin kwano kuwa ga ƙarfen, sanduna biyu da ƙusoshinsu takwas a jiki, babu ko ɓurɓushin ƙashi a kansu.

"Wa ya cire?"

"Ni. Da giya ta jiƙa ƙashin, murɗawa kaɗan na yi ya saki."

"Don me, Fotini?"

"Ban haife shi da shi ba. Ba zai tashi da shi ranar sakamako ba."

Na ɗauki gaɓa ɗaya na kai ta taga. Ramin ƙusar ya marmashe ya buɗe. Na ɗauki ta biyu, haka take. Duk huɗun haka suke, babu yadda za a gane ramin da ya buɗe yana da rai da wanda ya buɗe yanzu a hannunta. Na tsamo ƙarfen na juya shi. Ba abin da ya lanƙwashe. Likitan ya riga ya faɗa mini ba zai lanƙwashe ba.

"Buhu tara," in ji ta.

Na juyo.

"Na dawo da abinci na tsaya a bayan katanga. Na ji ka kira shi. Na ga ya ɗauka." Tana goge yatsunta da tsumma ɗaya bayan ɗaya. "Na ce bari ya ɗauki wannan ɗaya in yi magana. Ya ɗauki na biyu, na ga yana dariya, rabon da in ga dariyarsa tun kafin ya faɗo. Sai na tsaya ina kallo."

"Shekara uku kina sane."

"A asibiti ma ina tsaye. Ka ce a'a, na buɗe baki na rufe. Na ji nauyin in ƙaryata mijina a gaban baƙuwa. Kana tsammanin kai kaɗai kake jiran ranar yau?"

Na zauna a kan bencin da ake ajiye akwatuna.

"To kin gani ke nan. Kafin ki cire."

"Na gani. Da hannuna na wanke taɓon, ƙusa bayan ƙusa."

"Yaya suke?"

Ta ɗauko akwatin ta buɗe, ta fara shimfiɗa zane a ciki.

"Fotini, don Allah. Yaya suke?"

"Ba zan faɗa maka ba."

"Ɗana ne."

"Nawa ne ni ma. In na ce maka suna nutse, za ka ce lallashinka nake yi, ka ci gaba da zagaya gona kana magana kai kaɗai. In na ce ɗaya ta taso, na san igiyar da ke rataye a garejinka, na ga yadda kake kallonta. Ba zan dawo ɗakin nan bayan shekara uku in wanke naka ba."

"Wannan ai kin faɗa mini ke nan. Da suna nutse da kin bar su na gani."

"Da suna nutse ma da na cire. Da ka gani, ka koma kan a'ar da ka ce wa likita. Ita wa zai tono maka?" Ta ɗago dogon ƙashin cinya ta kwantar da shi a ƙasan akwati. "Tashi ka miƙo mini haƙarƙarin. Ƙoƙon kai ne ƙarshe."

Na tashi na miƙa mata. Muka zuba shi tare, ni ina miƙawa tana jerawa, ta ɗora kan a sama ta rufe. Ni na ɗauki akwatin zuwa ɗakin ƙasusuwa, Fada yana gaba yana karatu, na ɗora shi a kan na ubana. Mutane suka ci alkama, kowa ya ce Allah ya gafarta masa, suka watse.

Shekara talatin da ɗaya muna tare, ina gane fushin Fotini tun daga yadda take ajiye kofi. Duk hanyarmu ta komawa gida ina satar kallon fuskarta, ban ga komai ba. Na sake tambayarta bayan sati guda, ta ce in ci abincina ya huce. Na tambaye ta ranar da aka binne Manusos a kabarin, ta tashi ta bar mini ɗakin. Jiya na ce mata to in ta ji mutuwa ta zo mata ta faɗa mini, ta ce in ta riga ni, za ta tafi da shi.