Jijiya a Kan Jijiya

Sau biyu ana dawo da Baba daga asibiti a Birnin Kudu. Yanar ido ce ta rufe masa gani, likita ya shirya cirewa, amma da an ɗaura masa abin awo a dantse sai a ga jini ya hau. A ce mu koma Maruta, mu dawo bayan sati biyu. Ni Sa'adiyya nake rako shi, daga acaɓa zuwa mota, kuma wallahi na gaji.

A zuwa na biyu nas ɗin, Sista Martina, ta zaunar da shi. Ta ce a cikin cikin mutum akwai manyan jijiyoyi da jini ke taruwa a ciki, kamar ruwa a randa. Akwai kuma wata jijiya mai kai saƙo, wadda ba ta jiran izinin kowa. Idan hankali ya tashi sai ta matse waɗancan, jinin ya kwarara zuwa zuciya, awo ya haura.

Baba ya gyaɗa kai. Ashe abin da ya ji shi ne jijiya ta hau kan jijiya, irin ta targaɗe. Muna komawa gida ya aika aka kira Maikano mai ɗori. Kullum da safe sai an murza masa ciki da man shanu har ya yi nishi. Ƙwayoyin asibiti kuwa ya cusa su ƙarƙashin tabarma, tunda a ganinsa an gano ciwo. Ban sani ba sai ranar da na shiga shara. Na yi faɗa har muryata ta dishe.

A zuwa na uku ya kasa zama a benci. Ya tashi, ya zauna, ya laluba hularsa, ya tambaye ni ko an kira sunansa. Awo ya fi na da. Na gaya wa Sista zancen mai ɗori.

"Baba, wannan jijiyar, hannu ba ya kaiwa gare ta," in ji Sista. "Magani take ji, da kwanciyar hankali. Me ke damunka?"

"Babu komai."

"Baba, faɗa mata mana!" na ce, raina a ɓace.

Ya daɗe yana murza gwiwarsa.

"Yanzu dai ina ganin inuwarki, Sa'adiyya," ya ce. "In suka sa wuƙa suka kuskure, ita ma shi ke nan."

Duk masifar da na zo da ita ta gushe. Tausayinsa ya kama ni, kunya kuma ta hana ni kallonsa.